Ɗan Dutsen da Ya Hana Ka Barci

Kwaciri, Fagge, Kano.

Zuwa ga ƙanena Nu'uman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan kana lafiya kai da Zulfa da ɗanku Sammani, Allah ya ƙara muku lafiya a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna Fanta ta yi sauƙi har tana takawa zuwa maƙwabta, Baba kuwa yana nan da rigimarsa.

Zulfa ta faɗa mini ka rame, wai ka ce in binciken nan ya ƙi, ba ka da fuskar dawowa Kano. Raina ya ɓaci, ban ɓoye maka ba. Na zauna na faɗa wa Baba halin da kake ciki, na maimaita masa bayanin da ka taɓa yi mini kan binciken. Na ce wani dutse ne da kuke kira fiyezo, in an ba shi lantarki sai ya ɗan miƙe, ya tura abin da ake dubawa a madubin bincike tazarar da ba ta kai kaurin silin gashi ba. Matsalar ita ce in an rage wutar ba ya komowa ta hanyar da ya tafi, sai ya tsaya gefe. Kai kuma kana haɗa lissafin da zai san halinsa, kwamfuta ta gyara wutar tun kafin ya kauce. In ana tafiya a hankali lissafin yana cin daidai, da an ƙara sauri sai ya watse. In na yi kuskure ka yafe, ni dai malamar firamare ce.

Baba ya ce shi ba ya yanke hukunci kan abin da bai gani ba. Washegari ya sa babbar riga, ya ja ni Sabon Gari wajen Akeem mai gyaran murhun gas, don ka taɓa cewa akwai dangin dutsen a cikin laitar kunna wuta. Akeem ya fasa guda, ya zaro wani ɗan abu kamar ƙwayar gero ya ɗora masa a tafin hannu. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce shi ya zaci abin ya kai injin niƙa, ashe wannan mitsitsin ne ya hana ɗansa barci. Akeem ya yi ta dariya, Baba bai yi ba. Ya naɗe shi a hankici, yanzu kullum bayan La'asar sai ya nuna wa 'yan majalisarsu, har sun fara gudunsa.

Ka san Baba ba ya iya faɗin magana mai taushi a waya, shi ya sa ya ɗora mini. Ya ce ka ci gaba da lallaɓa dutsenka, mai haƙuri ai shi ke dafa shi. Amma in ka yi iyakar yinka ya ƙi, ka tattaro iyalinka ku taho da rana tsaka, shi da kansa zai je filin jirgi tarbarka. Ya ce ranar da ya raka ka bai yi ban kwana da takardar digiri ba, da ɗansa ya yi, kuma shi yake jira.

Ka gaishe mini da Zulfa, ka shafa kan Sammani. Inna da Baffa Ari suna gaishe ku. Don Allah ka riƙa cin abinci.

Taka har kullum,
Ya Sharifa