Abin da Ke Bayan Taswira

Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yaran, kuma kin fara sabawa da makarantar da aka tura ki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke motsawa in an yi sanyi. Ta ce in gaya miki malanta ba ta hana mutum cin abinci a kan lokaci.

Kin ce kina jin nauyin neman taimakon iyaye, don a ganinki makaranta ta gwamnati ce, gyaranta ma na gwamnati. Mutane da yawa haka suka ɗauka, har suna ganin gidauniyar makaranta bara ce da aka sa wa hula. Ni dai ban yarda ba. Gwamnati ba ta da ɗa ko ɗaya a aji shida. Mu ne masu 'ya'yan, mu ruwa ke zubo wa.

Kin tuna ajina, na ƙarshen baranda? Tsagar bangon nan da kika gani bara ta sauko daga kan taga har ƙasa, yanzu hannuna yana shiga ciki. Shekara uku muna rubuta wa ofishin ilimi, amsa ɗaya ce: ana dubawa. Saboda haka na shawo kan hedimasta muka yi gidauniya ranar Asabar. Yara suka yi wasan kwaikwayo, suka sayar da jakunkuna da abin goge ƙafa da suka saƙa. Wani kafinta, wanda 'yarsa ke ajina, ya ɗauki abin kamar gidansa ake gyarawa. Ita 'yar muna ce mata Lauya, don ba ta barin magana ta wuce ba tambaya.

Malamin lissafi ne kaɗai ya ƙi sa hannu. Ya ce duk ƙusar da iyaye suka saya, ƙusa ce da ofis zai manta yana da alhakinta. Ya ce makarantar unguwar masu hali za ta tara a wuni ɗaya abin da ba za mu tara a shekara ba, to yaran wa aka bari a baya? Na ce masa bangon ba zai jira mu gama muhawara ba. Ya ce in je, zan dawo in same shi.

Abin da aka samu bai kai a rushe bangon a sake ba. Birkila ya ce tushen ne ya zauna, filasta ba za ta riƙe shi ba, sai dai ta rufa masa asiri zuwa wani lokaci. Muka ce a yi hakan. An liƙe, an yi fenti, kafinta ya toshe kwanon da ke yoyo bai karɓi komai ba. Da kin ga fuskokin yaran ranar Litinin!

Ki gaishe min da kowa.

Yayarki.

*

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka. Ki riƙa ba shi ruwa sosai. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, raina ne ba daɗi, kuma ban san ta inda zan fara ba. Tsarin gidauniyar da kika ce in rubuto miki, ki ɗan dakata tukuna.

Makon jiya takarda ta zo cewa baƙi za su zo daga ofis ranar Alhamis. Ba a faɗi abin da zai kawo su ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ke ma yanzu malama ce, kin san abin da muke yi in an ce baƙi. Tun muna 'yan makaranta haka muka ga ana yi. Aka yi shara har bayan katanga. Karyayyun bencina aka kwashe aka kulle a sito, aka aro masu kyau daga makarantar kuɗi da ke bayanmu. Yaran da ba su da takalma aka mayar da su layin baya. Bokitan taren ruwa aka ɓoye a ofishin hedimasta, ƙarƙashin tebur.

Ranar Laraba da yamma ina gyara aji sai na ga tsagar ta fara dawowa ta cikin sabon fenti, siririya kamar zare. Na tsaya ina kallonta. Sai na ɗauko babbar taswirar duniyar nan da na saya da albashina na farko, na buga ƙusa, na rataye ta a kai. Ba wanda ya sa ni, Auta. Ni da hannuna. Abin da ke raina shi ne kada a ce aikin iyayen nan ya lalace tun bai yi wata biyu ba.

Baƙin su uku ne. Ba su nemi littafin shirin darasi ba, ba su saurari karatu ba. Ɗaya yana awon ɗaki, ɗaya yana ƙirga bencina, babbansu yana kallon rufi yana cike wata takarda. Na leƙa takardar na ga gida uku: mai haɗari, mai buƙatar gyara, mai kyau. Na gane ba mu suka zo dubawa ba, ginin suka zo dubawa.

Lauya ta ɗaga hannu. Na san abin da za ta faɗa, don tana nan lokacin da na buga ƙusar. Hedimasta ya dube ni, ni kuma na dubi yarinyar, irin duban da ke sa yaro ya sauke hannu. Ta sauke.

Babban nasu ya yaba mana ƙwarai. Ya tsaya gaban taswirar aka ɗauke shi hoto da yara. Da zai fita ya ce, "Da kowace makaranta haka take, da mun huta." Hedimasta har rakiya ya yi musu zuwa mota yana ta godiya.

Tun ranar nake gaya wa kaina wataƙila ba abin da nake tsoro ba ne. Da ma malamin lissafi ya yi min gori, da ya fi min sauƙi.

Ki sa mu a addu'a.

Yayarki.

*

Auta 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutanen gidan. Inna na nan da sauƙi. Ni ma jikina lafiya.

Sunayen sun fito. Makarantu goma sha biyu za a yi wa sabon gini, ba mu ciki. An sa mu a gidan mai kyau, har da ƙarin yabo cewa mu abin koyi ne wajen taimakon kai da kai. Makarantar tsallaken titi, wadda muke yi wa shugabanta dariya don ko shara bai sa an yi ba ranar, ita ce ta biyu a jerin. Jiya na ga an fara sauke musu bulo.

Na je ofis sau uku. Na farko aka ce mai takardar ya fita. Na biyu aka ce an riga an aika sama. Na uku na samu babban nan da kansa, na gaya masa gaskiya duka, har bencinan aro da bokitai da taswira. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi abin da idonsa ya gani ya rubuta, ga hotuna, ga sa hannun hedimasta, kuma sai bayan shekara huɗu za a sake zagayawa. Ya ce tunda Allah ya ba mu iyaye masu zuciya, mu sake yin wata gidauniyar mana.

Ruwan ranar Lahadi ya gama maganar. Da muka zo Litinin, bangon ya buɗe daga taga zuwa kusurwa, wani ɓangare ya zubo kan bencin gaba, daidai inda Lauya ke zama. Allah ya sa ba ranar karatu ba ce. An sa wa ajin kwaɗo. An raba yarana biyu an cusa su a aji biyar da aji huɗu, wasu a ƙasa, wasu a bakin ƙofa, ga jarrabawar fita saura wata uku. Ni kuma ina yawo tsakanin ɗaki biyu da alli a hannu, ina jiran wani ya gama in samu gefen allo.

Hedimasta ya kira taron iyaye don a sake tarawa. Mutum tara suka zo. Wata mai sayar da kayan miya ta ce wancan karon jarinta ta taɓa, kuma in dai gyaran da suka yi ne ya hana a gina musu, to gara su zauna su zuba ido. Wani ya ce in sun zuba ido, kan 'ya'yan wa rufin zai faɗo? Aka yi ta yi, kowa da gaskiyarsa, aka tashi ba a tsayar da komai ba.

Bayan an watse kafinta ya same ni a baranda, ya gaishe ni da ladabi kamar kullum, sannan ya ce, "Malama, yarinyar ta ce ta so ta faɗa musu, ke kika hana ta. Na ce mata ƙarya take yi, Malama ba za ta yi haka ba." Ya tsaya yana jira in gaskata shi. Na ce masa ba ƙarya ta yi ba. Ya ce to, Allah ya kyauta, ya tafi. Lauya tana zuwa har yanzu, tana zama a bakin ƙofar aji biyar. Mako biyu ke nan ba ta ɗaga hannu ba.

Kin tambaye ni ko ki yi gidauniyar ko ki bari. Wallahi ban sani ba. In kin yi, za a ce kun iya da kanku. In kin bari, yaranki ne a ƙarƙashin rufin. Na ce wa malamin lissafi ga ni na dawo, kamar yadda ya faɗa. Ya ce shi ma bai ci riba ba, ajinsa ne ke manne da nawa.

Abu ɗaya kawai zan iya koya miki, shi ma ban koye shi da wuri ba. Gobe in kin shiga aji, ki sauke duk abin da ke rataye a bango, kalanda da zane da komai, ki duba abin da ke baya. Ki gwada da kanki. Abin da kika gani ki bar shi a buɗe, ko wa zai zo. In wata yarinya ta ɗaga hannu gaban baƙi, ki ce ta tashi ta faɗa.

Taswirar na ciro ta daga cikin ƙasa, gefe ɗaya ne ya yage. Ga ta nan na haɗo miki da wasiƙar. Ki rataye ta a bangon da ba shi da tsaga, in kina da shi.

Ki shafa min kan yaran. Allah ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Yayarki.