Tubalin da Ya Hana Ni Zuwa Gure

Ya Yakura, sanyin idona, ruwan kwarinmu, dabinon da ya nuna a kan idona!

Kin ce in ban zo kafin Babbar Sallah ba, in daina kiran ki tawa. Kina zaton birnin Larabawa ne ya ruɗe ni? Haba Yakura! Tubali ne ya ɗaure ni, kuma da hannuna na jera shi.

Bari ki ji. Farin dutse ake toyawa har wuta ta gaji da shi, ya zama magneziya. A niƙa, a gauraya da baƙin gari mai santsi da ƙaro, injin ya danne, a gasa. Da shi nake lulluɓe cikin tanderun narka ƙarfe. Kashin ƙarfen da ke tasowa a sama yana cinye tubalin laka kamar gishiri a miya, amma wannan ya fi ƙarfinsa: kashin jinsinsa ɗaya da magneziya, baƙin garin kuma ba ya barin sa ya jiƙa tubalin.

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya kulle fasfona a durowa, ya ce sai wannan jerin tubalin ya cinye na sake sabo zan tafi. Wata uku suka yi masa lissafi. Yau wata biyar, ko gezau! Kowace safiya ina leƙawa ina roƙon Allah ya tsage, ni da na gina shi. Wane irin magini ne wannan?

Kin tuna ranar da kika same ni ina gyara bakin rijiyar lambunku, kika ce aikina ya cika nawa, na ce don kada ya rufta da ke ne? Har yanzu ni ne.

Ya hasken raina, akwai hanya. Ruwa ne makashin tubalin nan. Da na yayyafa masa kofi ɗaya kafin jeri, da yanzu ina zaune a zaurenku. Na riƙe kofin, Yakura, sai na ga Abarshi abokina, wanda ke tsayawa ƙarƙashin tanderun, yana da ’ya’ya huɗu a Kelle. Na shanye ruwan.

Ki yi fushi da ni, na yarda. Amma ki jira ni, don Allah. In kuwa ba za ki iya ba, ni dai ba ni da wata.

Naki har numfashina na ƙarshe,
Aisami