Koren Zare a Wuyan Riga

Ranar Talata

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Umma da ido? Ki ce mata Autarta tana nan ƙalau, tana cin abinci, ba ta rame ba. Na san ba za ta yarda ba sai ta laluba kafaɗuna da hannunta.

Kin tambayi karatu. Wannan zangon an haɗa mu da wata malamar tarihi, dattijuwa, siririya, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya. Littafi guda kawai ta ba mu, ta ce shi za mu yi ta tauna har ƙarshen zango. Wata Bayahudiya ce ta rubuta shi bayan ta haura shekara tamanin, labarin yadda ta tsira daga sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu. Malamar ta hana mu rubuta cewa abin ya wuce misali. Ta ce wannan maganar ragwaye ce. Kowa ya zaɓi abu ɗaya a cikin littafin, cokali ko takalmi ko kwano, ya bi shi daga farko har ƙarshe.

Ni allura na zaɓa, kin san dalili. Matar 'yar tela ce, kamar mu. A ƙarƙashin teburin yanka ta tashi, tana wasa da ƙyallaye, ana korarta daga kusa da almakashi. Ina karantawa ina jin ƙarar keken Umma. Har murmushi na yi ni kaɗai a ɗakin karatu, sai da mai kula da littattafai ya ɗago ya dube ni. Na tuno zaren da Umma take yi mana alama da shi a cikin wuyan riga, ɗinki uku ƙanana, don kada kayanmu su cakuɗe a wanki: ke ja, ɗan'uwanmu Dogo kore, ni rawaya. Kin tuna yadda nake kuka wai ba ni da riga tawa ta kaina? Duk wadda na ɗauko sai na ga ja da rawaya a jere, don idan riga ta yi miki kaɗan Umma ba ta cire naki, sai dai ta ƙara nawa a gefe, ta ce yanzu ta zama tawa. Sai da na kai shekara goma sha biyu na sa rigar da rawaya ce kaɗai a wuyanta.

Murmushin bai daɗe ba. Tana da shekara goma sha tara aka loda su a taragon dabbobi, ita da mahaifiyarta da ƙanwarta, kwana uku babu wurin zama. Da aka sauke su, wani jami'i ya nuna wa uwar hagu, ya nuna wa 'yan matan dama. Aka aske musu kai, aka zana musu lamba a hannu. A nan na tsaya jiya, na rufe littafin na fita na yi ta zagaya harabar makaranta.

Kin rubuto cewa Umma ta sa an sayo mata yadin rigar Dogo ta bana, duk da likita ya ce ta ajiye allura idan tana son ragowar ganinta. Shekara bakwai ke nan da tafiyarsa, riga bakwai. Don Allah ki lallashe ta. Ki ɓoye zaren idan ta kama.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya, zazzaɓin ƙaramar kuma ya sauka. Wannan takardar kada ki karanta wa Umma. Ki shiga ɗaki ki zauna tukuna.

Bari in fara da littafin, don ta nan ne kawai na iya samo bakin zaren. Da aka ji matar ta iya ɗinki, sai aka kai ta wata rumfa inda ake tara tufafin mutanen da aka kashe da iskar guba. Aikinta shi ne warware kalmasa da aljihu, ko an ɓoye zobe a ciki. Wadda aka koya wa ɗinki tun tana ƙarama, ga ta tana farke aikin wasu daga safe har yamma. A kwana na tara ta ɗago wani kwat mai ruwan toka, ta ga faci a gwiwar hannunsa. Ba ta buƙaci kowa ya faɗa mata ba. Ɗinkin mahaifiyarta ne. Mai gadi yana tsaye a kanta, haka ta sa reza ta farke shi, ta jefa a tsibi, ta ɗauko na gaba.

Ba ta faɗa wa ƙanwarta ba. Ta ce mata ta ji labari an kai uwarsu wani sansani na manyan mata, tana aiki a ɗakin girki. Ta yi haka ne don yarinyar ta sami abin riƙewa. To amma yarinyar sai ta fara gutsurar burodinta, wannan ɗan yankin da ake ba su sau ɗaya a yini, tana ɓoyewa a cikin riga, wai za ta kai wa uwarsu ranar da suka haɗu. Zazzaɓi ya kashe ta saura mako uku a buɗe sansanin a saki mutane. Da yayar ta zo rufe ta, sai ta tarar da busassun gutsattsarin burodi a jikinta. Ta rubuta cewa shekara sittin tana tambayar kanta, shin ƙaryarta ce ta raya yarinyar wata takwas, ko ita ce ta cire mata abinci daga baki. Ta ce har ta tsufa ba ta sami amsa ba.

Yaya, Dogo ya rasu.

Shekara biyu ke nan da sanina. Kin tuna na taɓa kai sunansa ofishin da ke neman waɗanda suka ɓace a hanyar ƙetare teku. Da suka tambaye ni wata alama, ban tuna tabo ko haƙori ba, koren zare na faɗa musu. Har ma'aikaciyar ta dube ni kamar ban cika hankali ba, amma ta rubuta. Bayan shekaru sai suka kira ni. Jirgin ruwan da ya shiga ya nutse tun a watan farko na tafiyarsa. An tsamo wasu, an binne su da lamba don ba a san sunayensu ba, an adana kayan jikinsu. Suka ajiye mini wata shuɗiyar riga a kan tebur, aljihunta a yage, maɓalli biyu babu. Na juya wuyanta. Zaren ya koɗe, amma ɗinki uku ne, kuma hannun Umma ne.

Ban ce abin da ya same mu daidai yake da na matar nan ba. Su da gangan aka tattara su, miliyoyi, aka kashe su don kawai abin da aka haife su a kai. Malamarmu ba za ta yafe mini ba idan na haɗa, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Amma na san abin da yatsa yake ji idan ya taɓa ɗinkin uwa a inda bai kamata ya same shi ba.

Zuwan da na yi gida na kwana huɗu a waccan shekarar, rigar tana ƙasan akwatina, a naɗe cikin takarda. Na zo ne in faɗa. Ina shiga na tarar da Umma a kan keke, tana ƙorafin cewa tsawon Dogo cin yadi yake yi, ta ce in riƙe mata bakin ƙyallen. Na riƙe. Na ce a raina sai gobe. Goben ce har yau. Tun da na dawo ban sake buɗe takardar ba, tana can saman kabad.

Yanzu duk allurar da Umma ta zura, idonta take gutsura tana ajiye wa wanda ba zai zo ba, kuma ni ce na bar ta. Ki faɗa mini abin da zan yi. Ki zage ni ma idan kin ga dama, na cancanta.

Allah ya jiƙan Dogo.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Laraba

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku. Kin wanke ni tas, kuma ban ga inda kika yi ƙari ba. Gaskiya ne ba ni kaɗai ce 'yar'uwarsa ba. Gaskiya ne na hana ki yi masa addu'ar mamaci shekara biyu, kina ta roƙon Allah ya dawo da shi. Wannan ban san da bakin da zan nemi gafararki ba.

Abin da ban zata ba shi ne ƙarshen takardar, inda kika ce mu ci gaba da yin shiru, jinin Umma yana hawa, labarin zai iya kayar da ita. Kin ga yadda abin yake, ko? Shafi biyu kina faɗa da ni, a na uku kin zo kin tsaya inda nake tsaye.

Na je wurin malamar da aikina. Ofishinta ɗan ƙarami ne, littattafai har kan kujerar baƙi, sai da na kwashe su na zauna. Ta karanta, ta sauya tabarau, ta ce na bi allurar da kyau amma na yanke wa matar hukunci, na rubuta cewa ta yi kuskure. Ta tambaye ni wa ya ba ni kujerar alƙali. Matar da kanta ba ta ce ta yi daidai ba, ba ta ce ta yi kuskure ba, abin da ya faru kawai ta faɗa, kuma sai da ta yi shekara sittin kafin ta iya. Na ce ai ƙanwar ba ta nan balle a tambaye ta. Ta ce to wannan shi ne abin da aka ƙwace musu, lokacin da za su zauna su tambayi juna. Ba ta san komai game da gidanmu ba, amma kamar da ni take.

Mu muna da lokacin, Yaya, ko da kaɗan ne. Kin ce rigar bana ta kusa ƙarewa, Umma da laluben yatsa take bin layin ɗinki, kuma ta daina sa koren zaren, bara ma ba ta sa ba, kina ganin ta manta ne. Ba zan jira ta rasa idon gaba ɗaya ba. Zan zo ƙarshen wata da rigar. Ki kasance a ɗakin, shi kaɗai nake roƙo.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Lahadi

Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa. Yaya jiki, yaya ido, yaya ƙafar da ke damunki idan kin daɗe a kan keke? Na roƙi Yaya ta karanta miki wannan a hankali, kada ta tsallake komai, ko da muryarta ta ƙi.

Yau da safe na hau kujera na sauko da wani ƙunshi daga saman kabad, don in shirya kayan tafiya. Shekara biyu ban taɓa shi ba. Tun kafin in gama buɗe takardar na gane an taɓa ta, don ni a dunƙule na cusa rigar. Yanzu kuwa a ninke take, hannuwa a ciki, wuya a sama, irin ninkin da kika yi ta koya mini ban taɓa iyawa ba.

An ɗinke aljihun. Maɓallai biyun da suka ɓace an mayar, farare, irin na cikin gwangwaninki, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma.

Ni da na tashi a ɗakinki, yaya aka yi na manta? Wa ya taɓa kwana a gidanmu da akwati ba ki bi kayansa ɗaya bayan ɗaya kina neman abin da ya yage ba? Ko baƙo ba ki ƙyale ba, balle ni. Na tuna ranar da kika aike ni kasuwa neman wani zare da kika san ba a samunsa kusa, na yi awa uku ina yawo. Na dawo na tarar idonki ya yi ja, kika ce hasken taga ne. Kika zuba mini abinci, kika zauna kina kallona har na cinye.

Na zauna a bakin gado da rigar a cinyata, na daɗe kafin in iya juya wuyanta. Koren yana nan yadda teku ya bar shi, ba ki taɓa shi ba. A gefensa akwai ɗinki uku sababbi, rawaya.

Na gane, Umma. Kin ga ban iya ɗaukar maganar ba, sai kika mayar mini da rigar akwati, kika bar mini har ranar da zan iya. Kika ci gaba da sayen yadi kina kashe idonki, don kada in san kin sani. Ni ina can ina lallaɓa ki, ke kina nan kina lallaɓa ni, Dogo kuma yana kwance ƙarƙashin lamba, babu wanda ya kira sunansa a ɗakinmu ya ce Allah ya jiƙansa. Kuka kika yi ke kaɗai cikin awa uku, kika share fuska kafin in dawo. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, kuma ni na jawo.

Matar da nake karanta littafinta ba ta sami wanda za ta koma ta faɗa wa ba. Ni ina da ke. Ba zan jira ƙarshen wata ba, motar jibi zan shigo. Na san inda kabarin yake, an ba ni lambar, kuma an ce ana iya rubuta suna a kai idan dangi sun nema. Za mu zauna mu uku ki faɗa mana yadda kike so a rubuta.

Ki ajiye allurar, don Allah. Rigar bana ki bar ta yadda take, ni zan ƙarasa ta, ko da layin zai karkace ki yi mini faɗa. Shuɗiyar kuma zan zo da ita a jikina, tunda kin ce tawa ce. Hannun ya yi mini tsawo sosai, sai kin nuna mini inda zan kalmasa.

Ki yafe mini.

'Yarki,
Auta