A Bar Ni da Shaho

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gasa,
Ƙungiyar Masu Tseren Mota a Kwamfuta.

Daga:
Kawu Sitiyari, ɗan wasa a rukunin manyan motoci,
Sashen Gashin Ƙashi na asibiti, hawa na biyu.

9 ga Maris.

Game da: Haramta motar da ake kira Shaho ana tsakiyar gasa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kokena cikin ladabi kan sanarwar ranar 2 ga Maris, wadda ta ce an gwada manyan motocin tseren nan biyu, Shaho da Damisa, an tarar Shaho ta fi gudu, don haka kowa ya koma Damisa.

Da yake Shugaba bai taɓa ganina ido da ido ba, ya kamata ya sani cewa ni direban motar asibiti ne a da, kafin hatsarin da ya kashe mini ƙafafu. Likitar gashin ƙashi ce ta fara zaunar da ni gaban wasan, ƙanena bakanike ya ƙera mini birki da totur na hannu a jikin sitiyari. Shaho nake tuƙawa, kuma ina matsayi na uku a gasar. Ga abin da ke damuna:

1. An yi gwajin a fili ɗaya tak, mai miƙaƙƙiyar hanya. Ba na musu, Shaho ta fi gudu a miƙe. Amma a kwana Damisa tana barin ta a baya, kuma yawancin filayen da suka rage kwana ce a kan kwana. Sanarwar ba ta ambaci wannan ba.

2. Duk waɗanda suka yi gwajin da ƙafa suke tuƙi. Damisa tana watsa baya idan aka kama birki, sai an tallafe ta da totur a lokaci guda, wato aikin ƙafa biyu. Ni hannu ɗaya na sitiyari ne, ɗaya na saura duka. Don bin umarni na gwada ta ranar 4 ga wata. Ta juya da ni, ta daki katanga. Na san hoto ne kawai, ranka ya daɗe. Duk da haka sai da nas ta zo ta ɓamɓare yatsuna daga sitiyarin, ranar kuma ko abinci ban iya ci ba.

3. Na rubuta wa Sakatare ranar 5 ga wata. Amsarsa layi ɗaya ce, wai doka ba ta san kowa ba.

4. Tun fitar sanarwar wasu 'yan wasa ke rubutawa a dandalinmu cewa mota ce ta kai gurgu matsayi na uku. 'Yata ce ke karanta mini saƙonni idan idona ya gaji. Da ta iso wurin, sai ta tsallake. Daga baya na nema na karanta da kaina.

Saboda haka ina roƙon kwamiti ya dakatar da hukuncin, ya sake gwajin a fili mai kwana, a sa mai tuƙi da hannu cikin masu gwadawa, sannan a ja kunnen masu waccan magana. Idan kuma an ga dole, a ƙara wa Shaho nauyi, a mayar da ni layin ƙarshe a kowane tsere. Na yarda, ba zan sake kawo ƙara ba. A bar ni dai in tuƙa.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,
Kawu Sitiyari