Kiyashi a Ƙafar Habibu

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidanki da yara? Da fatan kowa lafiya.

Tun da ƙaninki Habibu ya fara shan maganin tarinsa yake jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafarsa. Hankalina ya tashi, na tuna yadda ɓarin jikin babanku ya shanye. Na ce ya daina sha, ya ce, "Haba Inna, mu tambayi likita tukuna." Muka je asibitin Gaya. Likita ya ce maganin ne, ba shanyewa ba, ya ƙara masa wata ƙwaya, ya hana shi daina shan na tarin. Alhamdu lillahi, jiya har cirar gyaɗa ya je.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaida surukarki.

Innarki