Tafiyar Baba a Farin Ƙyalle

Zuwa ga Yayana Sale, mai zane a ofishin majigi, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na aiko maka da saƙo ta bakin direba, na sake aikowa ta bakin masu kai gyaɗa, shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta, tun da kai ma a bainar jama'a ka yi naka.

Ka tuna zuwanka Gubuchi hutun Sallah, shekarar da aka sauke tutar Turawa? Ka zo da takardu shara-shara cike da jaka. Ka bayyana mana cewa mutum guda kake zanawa sau da yawa, kowane zane ƙafarsa ta ɗan gusa, in aka jera su a na'ura sai a ga yana tafiya. Inna ta ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Baba ne ya tare maka, kamar yadda ya saba tun kana ɓata mana bango da gawayi.

Kullum da safe sai ka zauna a ƙofar zaure, Baba zai tafi gona, kai kana binsa da ido kana zane. Ka san yadda kurkunu ya bar masa ƙafar hagu: ya ja ta, ya dafa ƙugu, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya ci gaba. Har ka sa ya yi ta kai da komo a tsakar gida, shi kuwa yana murna, yana gaya wa maƙwabta ɗansa zai sa shi a majigi.

Ka kuwa sa shi. Ranar da motar majigi ta iso, Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya zauna a sahun gaba tare da dattawa. Aka haska ɗan gajeren wasanku na zane a farin ƙyalle: mai wayo yana tace ruwa, wawa yana kafa kai a kududdufi. Fuskar wawan ba ta kowa ba ce, wannan na yarda. Amma da ya miƙe ya ja ƙafar hagu, ya dafa ƙugu, ya tsaya, filin nan gaba ɗaya ya kece da dariya. Babu wanda ya buƙaci a faɗa masa suna. Mai sharhi a lasifika bai san kowa ba, ya ga abin ya karɓu, ya yi ta ƙara gishiri.

Na san abin da za ka ce, wai kai tafiya kawai ka zana, manyanka ne suka ɗora ta a kan wawa. To Yaya, kana nan aka ɗora, kuma kana da baki. Mutanen Kaduna ba su san Gubuchi ba. Kai ka sani, kuma ka san motar nan gari-gari take bi. Ta bi Maƙarfi, ta bi Kudan, ta bi Ikara. Yanzu yara a kasuwa suna kwaikwayon tafiyar ubanmu, wasunsu ba su ma san ta wane ce ba. Naka shi ke ba da kai, ban gane wannan magana ba sai a kanka.

Baba ya daina cin kasuwa. Masallaci ma sai ya riga kowa shiga, ya bari kowa ya watse kafin ya tashi, don kada a ga takunsa. Kai kuma kunya ta ɗaure ka a birni, kana aiko da yadi da sabulu. Yadin yana nan a akwati, ba a ɗinka ba. Ina jin haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Watan jiya motar ta dawo. Jikin Baba ya yi nauyi, ba ya iya tafiya, amma ya ce a ɗora shi a jaki a kai shi, tun da ba zai ga ɗan ba, bari ya ga aikin hannunsa. Aka sake dariyar, ni ina riƙe da shi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ko bai ɗauke ido daga ƙyallen ba. A hanyar gida abin da ya faɗa shi ne, "Yaron nan ya kalle ni da kyau. Babu wanda ya taɓa kallona haka."

Ni ban huce ba tukuna, amma shi ya riga ni. Abincinsa ya ragu, kuma duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ya tambaya wa ta sauke. Ka zo, Yaya, ba sai ka riƙo komai ba.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sassauta zuciyata a kanka, Ya sa ka iso yana da idon ganinka.

Ƙanwarka,
Hansatu