Farantin Baba da Sabuwar Risiba

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya mai ɗakinka da yara, ya ƙarfin jikin Ummi? Mu nan Gummi lafiya lau, har an yi shuka.

Talabijin da risibar da ka aiko wa Inna sun iso saura kwana uku Arfa. Na haɗa su da tsohon farantin satalayit na marigayi Baba, allo ya ƙi kawo hoto. Hankalin Inna ya tashi, don Gwaggo Hajo tana Makka, kuma Inna ta ci burin ganin tsayuwar Arfa a talabijin. Kawu Bala ya ce, "Makka kuke nema? To ku maida faranti alƙibla mana!" Haka muka yi ta juya shi cikin rana, a banza.

Washegari na ɗauko mai gyara daga kasuwa. Ya ce farantin garau yake, ɗan kan da ke tsakiyarsa ne bai dace da sabuwar risiba ba. Ya sauya shi, ya maida faranti saitinsa, hoto ya fito tas. Saboda haka kada ka sayi sabo, na Baba ya ishe mu.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa da kowa. Ranar Arfa kuwa Inna ta rantse ta hango Gwaggo cikin taron, ƙarƙashin farar lema. Ban musa ba. In ka kira, kai ma kada ka musa.

Ƙaninka,
Nasiru